Noman buhu da yara a dogon hutu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tunda dogon hutu ya zo daidai da damina, ga abin da na samo wa yarana maimakon su wuni a kan waya ko su hana ni sakat da faɗa: noman buhu.

Ki nemi tsofaffin buhunan shinkafa, ki huda ƙasansu wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba saiwar ruɓewa za ta yi. Ki zuba ƙasa kashi biyu, busasshen kashin awaki ko na shanu kashi ɗaya. Busasshe fa! Ɗanyen taki ƙona shuka yake, ni ma sai da na yi asarar buhu biyu kafin na gane.

Alayyahu ya fi saurin biya, sati uku zuwa huɗu kin fara tsinka. Irinsa ƙanana ne sosai, ki gauraya shi da yashi kafin ki yayyafa, kada ya tsiro a cunkushe. Kuɓewa sai ta kusa wata biyu, ƙwaya uku a buhu ta isa. Rama kuwa ba ta da laulayi.

Kowane yaro ki ba shi buhunsa, za ki sha mamakin gasar da za su yi. Ki ɗora buhunan a kan bulo inda rana ke samu, nesa da indararo, nesa da akuya in kina da ita.

Ramar farko kwaɗo muka yi: a tafasa, a matse tsamin, a zuba garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu da ɗan man gyaɗa. Autana da ba ya cin ganye har ƙari ya nema.