Yadda matashi zai rabu da bashi ya fara tara jarin yin ritaya da wuri

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma matashin da ke son ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa bai kamata ya fake da wannan karin magana ba, domin duk nairar da ta tafi biyan tsohon bashi naira ce da ba ta shiga jari ba.

Ka fara da takarda da biro. Ka rubuta duk wanda ke bin ka, tun daga mai kantin unguwa da ke rubuta maka shinkafa da man gyaɗa a littafi har ƙarshen wata, zuwa ƙungiyar ma'aikata ta wurin aiki, da abokin da ka ranci kuɗinsa ka daina bi ta ƙofar gidansa. A gaban kowane suna ka sa adadin kuɗin da ranar biya, sannan ka nuna ko akwai ruwa a kai. Bashi mai ruwa shi za ka fara kashewa, musamman na manhajojin waya da ke ba da rance na mako ɗaya ko biyu, waɗanda idan ka makara sukan aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke cikin wayarka. Rancen karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, kuwa ba shi da ruwa, kuma sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, saboda haka shi ne na ƙarshe a layi.

Misali, mai albashin naira 150,000 da ake bin sa naira 300,000, idan ya ware 40,000 duk wata a ranar da albashi ya shigo, zai gama cikin wata takwas. Abin da ke raba mai tarawa da marar tarawa shi ne wata na tara, domin a lokacin ne wannan 40,000 ɗin ke zama tasa, kuma ya kamata ta wuce asusun ajiya kai tsaye kafin hannu ya saba da ita.

Ramin da ya fi cinye matasanmu shi ne aure. Sadaki ba ya talauta kowa, lefe da dina da anko su ne ke sa ango ya shekara biyu yana biyan kuɗin bikin kwana uku. Haka kuma adashi yana da fuska biyu: wanda ya yi kwasar farko bashi ya ci, wanda ya jira ta ƙarshe shi ne ya yi ajiya. Idan babu wata sana'a da za ka zuba kuɗin a ciki nan take, kada ka nemi kwasar farko.

Bayan bashi sai kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida idan aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo. Abin da ya haura wannan bai kamata ya kwanta a banki ba, domin a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, wato kuɗin da aka ajiye babu juyawa sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu a shekara guda.

Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai Sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, da aka fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana kuma shiga da naira 10,000. Akwai hannun jarin kamfanoni a kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX), wanda ake saya ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar. Sayen hatsi da kaka a sayar da bazara da kiwon raguna don Babbar Sallah hanyoyi ne da iyayenmu suka sani, sai dai akwai shekarun da farashi ke karyewa, ga ƙwari da cuta, don haka ba a zuba musu dukan jari. Duk wanda ya yi maka alƙawarin riba mai tsoka duk wata ba tare da ya nuna maka hajar da yake juyawa ba, ka tuna harkar zuba kuɗi ta MMM da ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, sannan ta rufe asusun mutane a watan Disamban 2016.

Fansho ba zai kai ka ga ritayar wuri shi kaɗai ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, amma ba a cire kuɗi daga asusun sai mutum ya kai shekara 50, in ban da kashi 25 cikin ɗari da ake ba wanda ya yi wata huɗu babu aiki. Mai son ajiye aiki yana da shekara 42 dole ne jarinsa na kansa ya ciyar da shi shekara takwas.

A Amurka ana lissafin cewa mutum ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara kafin ya yi ritaya. A ganina wannan ma'auni ya yi kaɗan a ƙasar da naira ke faɗuwa, kuma bai san da zakka ba, wadda ke ɗaukar ɗaya cikin arba'in duk shekara da zarar dukiya ta kai nisabi, balle hidimar iyaye da kuɗin makarantar ƙanne. Ka sa waɗannan a cikin lissafinka tun yanzu, ka yanka wa hidimar dangi adadi tsayayye duk wata, sannan ka riƙa sake duba jimlar duk farkon shekara bisa farashin kasuwa na lokacin.