Tsarabar da za ka kai wa ɗan Chana in za ka Gwanzu saro kaya

'Yan uwa masu zuwa Gwanzu saro kaya, musamman masu halartar Canton Fair, wato babbar kasuwar baje kolin garin, ta watan Afrilu ko Oktoba, don Allah a dinga lura da tsarabar da ake kai wa masu masana'anta, domin abin da muke ganin karamci ne a nan wani lokacin su can zagi ne ko mugun fata.

Babba a ciki ita ce hula. Mutum zai je kasuwar Kurmi ya zaɓo hula mai aikin hannu mai kyau, to ka tabbata ba koriya ba ce, a wajensu namiji ya sa koriyar hula yana nufin matarsa na cin amanarsa, ka ga ai ka ɓata ciniki tun kafin a zauna. Agogon bango ma a'a, a yarensu ba da agogo furucinsa ɗaya da raka gawa. Lema da wuƙa da almakashi duk alamar rabuwa ne. Kar ka ba da abu guda 4, suna danganta lambar da mutuwa, 8 kuwa sa'a ce. Kilishi bar shi a gida kawai, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga.

Jakar fata ta Kano ko rinin Ƙofar Mata sun wadatar wallahi, a naɗe da jar takarda ko ruwan zinare, ban da fari da baƙi don na makoki ne.

Wajen miƙawa kuma sa hannu biyu, ka fara da babba a cikinsu. Zai ce a'a sau biyu ko uku, ba raini ba ne kunya ce irin tasu, ka ci gaba da matsa masa a hankali har ya karɓa, kuma in ya ajiye gefe bai buɗe ba kar ranka ya ɓaci, sai ka tafi zai duba. Kai ma in ya ba ka haka za ka yi.

In tafiyarka ta zo daidai da bikinsu na tsakiyar kaka za su ba ka mooncake, wato kek ɗin da suka sa wa sunan farin wata, karɓi da godiya amma tambaya kafin ka ci, wasu da kitsen alade ake yin su, akwai na halal a shagunan Musulmi na unguwar Xiaobei da ke Gwanzu.