Yadda Za Ku Shirya Zaman Wata Guda a Zanzibar da Abokai, Ku Koyi Zane Ku Zaga Gari

Idan ku huɗu zuwa shida ne kuka haɗa kai a Abuja kuna son zaman wata guda a tsibiri, Zanzibar ta fi yi wa Bahaushe sauƙi. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, babu fargabar abinci, masallatai kuma ga su ko'ina. Babban tsibirin sunansa Unguja, yana cikin ƙasar Tanzaniya tun haɗewar 1964. Abin da ke sa irin wannan zama ya yi albarka shi ne ajin zane ya zama ginshiƙin yini, yawon buɗe ido ya biyo baya. In aka juya, mako ɗaya ya isa a gama ganin gari, sauran makonni uku kuma sai zaman ɗaki da danna waya da ƙananan saɓani.

Biza kafin tikiti

Mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da ake ba bizar rifaral, wato sai an tura takardun mutum hukumar shige da fice ta ƙasar ta amince. Ku cike ta intanet aƙalla wata biyu kafin tafiya, kowa da nasa, kuma kada wanda ya biya kuɗin jirgi sai amincewar kowa ta fito, domin ta wani kan riga ta wani. Fasfo ya zama da sauran wata shida ko fiye. Katin rigakafin shawara wajibi ne, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10. Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙo inshorarta ta dala 44, mai aiki har kwana 92. Wata inshorar da kuka saya a gida ba ta maye gurbinta. Jirgin Ethiopian yana tashi daga Abuja ya yada zango a Addis Ababa, daga can a wuce Zanzibar. Wanda ya sauka Darussalam kuma, jirgin ruwa zai tsallakar da shi cikin kimanin awa biyu.

Ku zaɓi tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin iskar kudu mai sanyi da ƙarancin ruwa. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, takarda ba ta bushewa, zaman zane a waje kuma ba ya yiwuwa. Disamba zuwa Fabrairu rana ce da gumi.

Asusu da masauki

Ku naɗa ma'aji ɗaya tun daga gida. Haya, cefane, wuta, ruwan sha da mota su fito daga asusu. Kuɗin aji, tsaraba da cin abinci a waje kowa ya ji da nasa. Ma'aji ya riƙa sanya lissafi a zauren WhatsApp kowane dare, kuma a ware kashi 15 cikin ɗari da ba a taɓawa sai lalura. Kada ku dogara da katin naira. Idan za ku sayi dala a banki ko a Zone 4, ku duba shekarar kowace takarda, don 'yan canjin can sukan ƙi tsofaffi, musamman na kafin 2009, da masu yagewa ko tambarin biro. Kuna isa ku canza zuwa shilin, da shi ake ciniki a kasuwa.

Ku raba watan biyu: kwana 16 zuwa 18 a tsohon gari, wanda suke kira Mji Mkongwe, inda masu koyarwa suke, sauran a bakin teku. Gida mai kicin za ku kama, ba ɗakunan otal ba. Kafin ku biya, ku tambayi abu uku a rubuce: wa ke sayen katin mita, tunda na'urar sanyaya ɗaki tana cinye shi cikin 'yan kwanaki, ruwan famfo na daɗi ne ko mai gishiri-gishiri, kamar yadda ake samu a wasu rijiyoyin gabas, sannan harajin kwana da ake ɗora wa baƙo yana cikin farashin ko a'a. Kuɗin mako ɗaya kawai za ku fara bayarwa har ku ga gidan da idonku. Garin masara da suke ugali da shi zai yi muku tuwo, don haka kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji kaɗai za ku ɗauko. Kilishi a bar shi a gida, ana iya ƙwace nama a filin jirgi. Jakar leda ma an hana ta a Tanzaniya tun Yunin 2019.

Alƙibla a can kusan arewa tsaf take, ba gabas da muka saba ba. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ku ji liman yana bayyana Bismillah kuma yana ƙunutin Asuba bayan ruku'u. Da yake kun yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, sallarku cikakkiya ce, babu ƙasaru.

Ajin zane

Kada ku biya wata guda gaba ɗaya ta intanet. Kwana biyu na farko ku bi lungunan Hurumzi da Gizenga da cikin tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, ku nemi wanda kuka tarar yana aiki da hannunsa, domin mai sayar da zane daban, mai yin sa daban. Ku yi zama ɗaya na gwaji. In kun gamsu, ku yi yarjejeniya kan zama uku a mako, awa uku kowanne, a faɗi ko fenti da kyalle suna cikin kuɗin, biya kuma duk ƙarshen mako.

Ku kula da agogonsu. Da Suwahili ana fara ƙirga awa ne daga shidan safe, don haka in malam ya ce "saa tatu", ƙarfe tara na safe yake nufi, ba uku na yamma ba. Ku ƙara shida a kan abin da kuka ji, ko ku sa ya nuna muku a waya. Lokacin can kuma yana gaban na Abuja da awa biyu.

Salon da ya fi dacewa da dogon zama shi ne Tingatinga, wanda Edward Saidi Tingatinga ya fara a Darussalam a 1968 da fentin keke a kan allon silin. Hawa-hawa ake yin sa. Ranar farko shimfiɗar baya kawai za ku yi, ku saje launi biyu tun suna danye, sannan a jingine ya kwana. Washegari a ɗora manyan siffofi, a sake bari. Sai a rana ta uku ko ta huɗu ake ɗaukar siririn buroshi a ja baƙin layi da ɗige-ɗige. Mai gaggawa da ya ɗora sabon hawa a kan wanda bai bushe ba zai ga fentin ya tattare ya yi yamutsi, kuma ba ya gyaruwa. Maganin zaman jira shi ne kowa ya riƙe kyalle biyu, yana aikin ɗaya ɗayan na bushewa. A yi shi a tsakar gida ko baranda, warin fentin yana sa ciwon kai a rufaffen ɗaki.

Wanda ba ya son zana mai rai bai rasa komai ba, ƙofofin tsohon gari kaɗai sun ishe shi wata guda. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a goshinsu. Na Indiyawa masu baka a sama da ƙusoshin tagulla. Ku fita tsakanin bakwai da goma na safe, ku nemi izinin masu gida ku zauna a dakalin da ke fuskantar ƙofar. Miƙe hannu da fensir, auna faɗin ƙofar, ka ga sau nawa ya shiga tsayinta, ka ɗora wannan a takarda. Sai ginshiƙin tsakiya, sai firam ɗin gefe da sassaƙarsa ta sarƙa da ganye. Ƙusoshi su ne na ƙarshe. Masu koyo sukan fara da su don sun fi ɗaukar ido, sai ƙofar ta fito a karkace.

Mata da suka iya lalle za su ji daɗin ajin da ake ɗora zanen lalle a kan kyalle da fenti, hannu ɗaya ne da na gida. A fata kuwa ku tsaya kan jan lalle. Baƙin da suke kira piko yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi mai tayar da ƙuraje.

Daga Abuja kowa ya taho da takardar fentin ruwa mai nauyin giram 300 kamar ganye 20, ƙaramin akwatin launi 12, buroshi uku (lamba 2 da 6 da 12), fensir HB da 2B, tef na takarda da allo mara nauyi. Iskar teku tana da laima, takarda mara kauri takan kumbura ta lanƙwashe, launi kuma yana jinkirin bushewa fiye da yadda kuka saba da shi a hunturu, don haka a rage ruwa a buroshi, a manne gefuna huɗu da tef. Fentin mai da tina, wato ruwan tsinka fenti, ba sa hawa jirgi saboda suna kama wuta, a can za ku saya. Zama biyu ko uku a bakin tafkin Jabi kafin tafiya zai sa hannu ya saba da zanen ruwa.

Ranakun yawo

Kwana biyu a mako sun isa, Juma'a kuma a bar ta ga masallaci da hutu. A cikin gari ƙafa ce mota: kasuwar Darajani da safe, cocin Angilikan da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, da lambun Forodhani bayan Magariba don urojo, wani romo mai tsami da dankali, da ruwan rake. A Forodhani ku tambayi farashi kafin a gasa, kifin da ya daɗe a tebur kuma a bar shi. Beit el Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashenta ya rufta a Disamban 2020, ku tambaya ko an buɗe kafin ku sa ta a lissafi. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru rabin yini ne a kwale-kwale. Ku ga rigar hana nitsewa ta kowa kafin ku hau. Gonakin kanumfari na Kizimbani ku je da littafin zane. Dajin Jozani mai jajayen birai yana kan hanyar Paje, ƙauyen bakin tekun gabas, sai ku haɗa shi da ranar ƙaura zuwa gabas. A Kizimkazi akwai masallaci mai rubutun Kufi na shekarar 500 Hijiriyya, wato 1107, wanda mai sha'awar rubutun Larabci bai kamata ya tsallake ba.

A Paje da Jambiani teku yakan janye nesa sau biyu a yini, lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Janyewar ta fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. Ku duba jadawalin ruwa kafin ku tsara komai: in ya janye, lokacin zana gonakin ciyawar teku ne, da izinin matan da ke nomanta, in ya cika, lokacin iyo. Ku sa takalmin roba saboda ƙayar bushiyar teku, kuma ku juyo tun ruwa bai fara dawowa ba. Masu son iyo kowane lokaci su kama gida a Nungwi ko Kendwa, can arewa, inda ake sassaƙa jiragen katako.

A daina fentin mai kwana biyar kafin tashi. Ku cire kyalle daga katako, ku naɗe shi fenti yana waje don kada ya tsage, da farar takarda a tsakani, ba jarida ba, tawadarta tana kamawa. A zura cikin bututun roba na famfo mai inci huɗu, a toshe bakinsa biyu. Katantanwar teku, murjani da ƙwaryar kunkuru kada ku saya ko an yi muku araha, fita da su na iya jawo tsarewa a filin jirgi.