Babi na 7: Ɗan Karan da ke Tsakanin Lambobi

Sannunku da zuwa, iyayena da 'yan uwana. Yau za mu karanta tarihin wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Rassie Erasmus. Sana'arsa zari-ruga, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, mutum 15 kowane ɓangare. Na san ba a yin sa a unguwarmu. Na ɗauko shi ne don labarinsa cike yake da lambobi, kuma a lambobi kuke tuntuɓe duk ranar da muka buɗe jarida.

Darasi na 1

Kowa ya ɗora yatsa a kan layin nan:

An haifi Erasmus a garin Despatch a 1972.

Ku ƙirga: 1, 9, 7, 2. Guda huɗu a jere, shekara ce. Yadda ake faɗa a rediyo: alif ɗari tara da saba'in da biyu. Madalla. Ga na biyu:

Ya buga wa ƙasarsa wasa 36, 1997-2001.

Kun ga ɗan karan nan da ya kwanta tsakanin 1997 da 2001? Ba ɗebewa ba ce. Na san a darasin lissafi na koya muku cewa wannan alama tana nufin a ɗebe, ba ku yi laifi ba. Amma idan shekara tana hagu, shekara tana dama, sunansa "zuwa". Daga 1997 zuwa 2001. Ku maimaita. Baba na baya, ban ji muryarka ba. Daga 1997 zuwa 2001. Yawwa.

Darasi na 2

Da ya daina buga wasa sai ya koma koci, wato mai horar da 'yan wasa. A 2005 ya ci Kofin Currie, gasar cikin gida ta Afirka ta Kudu, da ƙungiyar Cheetahs ta Bloemfontein. A 2016 ya tafi ƙungiyar Munster a ƙasar Ireland, a 2018 kuma ya karɓi tawagar ƙasarsa. To, ga layin da nake so ku tsaya a kansa:

A 2019, a birnin Yokohama na Japan, Afirka ta Kudu ta ci Ingila 32-12, ta ɗauki Kofin Duniya.

Ga karan ya sake dawowa. A nan ba "zuwa" ba ne, ba kuma ɗebewa ba. Sunansa "da". Ci 32 da 12. Lamba ta farko ta ƙasar da aka fara ambata ce, ta biyu ta ɗayar. Yatsan hagu a kan Afirka ta Kudu: 32. Yatsan dama a kan Ingila: 12. A sake. Hagu, 32. Dama, 12. Kada ku ji kunya, ni ma sai da aka nuna mini.

Ajin bara, rabinsu 20 suka rubuta mini. Sun ɗebe 12 daga 32, lissafi ya fita daidai, karatu ya ɓaci. Kafin ku taɓa fensir ku dubi abin da ke gefen karan. Shekaru ne? "Zuwa". Ƙasa biyu suka kara? "Da". Sai a littafin lissafi yake zama ɗebewa.

Inna ta tambaya yadda za a yi a zura ƙwallo har 32. Maki ne ake ƙirgawa. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa, an ba shi 5, bugun da ke biyo baya 2, bugun laifi 3. Ranar, a ɓangaren Afirka ta Kudu, Mapimpi da Kolbe kowa ya dangwala sau ɗaya, 10 ke nan. Pollard ya ƙara 4 da bugun da ke biyo baya sau biyu, ya kuma ci bugun laifi shida, 18. Ku haɗa. Ingila kuwa bugun laifi huɗu kaɗai ta samu.

Yanzu ku karanta wannan da kanku: a 2023, a Faransa, Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 12-11. A lokacin Erasmus darakta ne, Jacques Nienaber ne koci.

Wa ya ce ɗaya? Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wanda bai buɗe littafi a gida ba tun Talata, ai sai ya ce ɗaya. Ba don kaina nake ɓata maƙogwaro ba. Ci 12 da 11. Da! A rubuta shi sau biyar.

Darasi na 3

A 2018 Erasmus ya naɗa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar a wasan ƙasa da ƙasa. Ku ja layi a ƙarƙashin shekarar.

Darasi na 4

A 2024 Erasmus ya koma kujerar koci. Ku kwafe layin. Masu bashin fensir su zo da shi ranar Alhamis.