Yadda Ake Farautar Jar Barewa a Sikotland da Bindiga Mai Salansa

A tsaunukan arewacin Sikotland, inda ake farautar jar barewa, bindiga mai salansa (na'urar rage ƙarar harbi) a baki ta zama kayan aikin yau da kullum. Kariyar kunne ce ta kawo haka, domin harsashi irin .308 Winchester yana fita da ƙarar da ta haura desibel 160 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), alhali daga 140 ƙara guda ɗaya tak tana iya lalata ji har abada. Salansa mai kyau takan rage desibel 20 zuwa 30. Ba ta mayar da bindiga bebiya, kamar yadda mutane da yawa suke zato, amma tana sauƙaƙa wa kunnen maharbi da na karen da ke biye da shi, tana kuma rage dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa.

Matakin farko shi ne izini. Dokar makamai ta Birtaniya ta 1968 ta haɗa mallakar salansa da takardar mallakar bindiga, saboda haka mai niyya ya fara tuntuɓar 'yan sandan Sikotland kafin ya sayi komai.

Bayan haka sai zaɓe. Dole ramin salansar ya dace da faɗin harsashin, tiredin da ake murɗa ta a kai kuma ya zama iri ɗaya da na bakin bindigar, ko M14x1 ne, ko M15x1, ko 5/8x24 da aka fi sani a Amurka. Idan bindigar ba ta da tiredi, ƙwararren maƙerin bindiga ne kaɗai ya kamata ya yanka shi. Ga wanda zai wuni yana hawan tudu yana jan ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa, na fi son irin wadda rabinta ke komawa baya ta rufe bututun, domin ba ta ƙara tsawo sosai kuma ba ta rinjayar da bindiga gaba.

Da an murɗa ta da hannu ta zauna daram, sai a tabbatar babu harsashi, a zare sakatar bindigar, a leƙa ta baya. Ya kamata a ga haske a zagaye cif. In an ga gefen salansar ya shigo hanya ko da kaɗan, kada a yi harbi, domin harsashi zai daki cikinta.

Matakin da aka fi sakaci da shi, wanda kuma ya fi damuna, shi ne sabunta saiti. Nauyin da aka rataya a bakin bututu yana canza yadda bututun ke girgiza lokacin harbi, sai harsashi ya sauka a wani wuri daban da inda ya saba, wani lokaci da tazarar santimita da yawa a nisan mita 100. Wannan tazarar ta isa ta mayar da harbin ƙirji ya zama harbin ciki, dabba ta gudu da rauni ta kwana tana wahala. Don haka a je filin gwaji da ainihin harsashin da za a yi farauta da shi, a harba uku, a gyara madubin saiti, a jira ƙarfen ya huce tun da zafinsa yana sa hoto rawa a madubi, sannan a sake. Daga nan a kwance salansar, a mayar, a ƙara harbi, don a ga ko saitin yana nan. Wanda ya yi saiti da salansa kada ya fita farauta babu ita.

Game da harsashi, kada neman shiru ya ja mutum ga mai tafiya ƙasa da gudun sauti, wato kusan mita 343 a daƙiƙa. Ba shi da ƙarfin kashe babbar dabba nan take, kuma dokar Sikotland ta ce harsashin farautar barewa ya fita da gudun da bai gaza ƙafa 2,450 (kusan mita 747) a daƙiƙa ba. Tsawar da irin wannan harsashi ke yi cikin iska tana nan, salansa ba ta taɓa ta.

A daji, a riƙa taɓa salansar lokaci zuwa lokaci ko ta sassauta, a kuma kare bakinta daga laka da ƙanƙara. Bayan harbi a sa sabon harsashi nan da nan, ido na kan dabbar. Garken yakan tsaya cikin ruɗani saboda bai gane inda ƙarar ta fito ba, abin da ke taimaka wa masu rage yawan matan barewa a lokacin farautarsu, daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu.

Da an dawo gida a kwance ta tun kafin a cire takalmi. Hayaƙin albarushi yana barin danshi a cikinta, wanda in ya gangara cikin bututu sai ya haifar da tsatsa a bakinsa da tiredinsa. A ajiye ta a tsaye a wuri mai ɗumi ta bushe, a goge tiredin, a shafa masa ɗan mai.