Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Sa Gwiwarka Ciwo Bayan Motsa Jiki

Mutum yakan dawo daga gudu ko wasan ƙwallo, ya zauna ya kwance igiyar takalminsa, da ya yunƙura zai tashi sai ya ji suka a gwiwa. Daga nan wasu sukan haɗiyi maganin kashe raɗaɗi su koma fili washegari, wasu kuma su yi sallama da motsa jiki gaba ɗaya don tsoron kada su nakasa. Duka biyun sun yi gaggawa, domin ciwon gwiwa ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya natsu ya lura da wurin da ciwon yake, da lokacin da yake tasowa, da abin da ya sauya a atisayensa, yakan kusanci dalilin tun kafin ya ga likita.

Kafin komai, ka tabbatar ba lamarin gaggawa ba ne. Idan ka faɗi ko an buge ka, sannan ka kasa taka ƙafar taku 4, ko ka kasa lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, wato kamar zaman kujera, ko shekarunka sun kai 55, to ana bukatar hoton ƙashi. Waɗannan na daga cikin ƙa'idojin da likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka tsara don tantance wanda ake zargin yana da karaya. Haka kuma idan gwiwar ta kumbura, ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ana jin tsoron ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, wadda kan iya lalata guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Kumburin sharaɓar ƙafa ɗaya tare da ciwo shi ma bai kamata ya kwana a gida ba, domin yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka zauna ka miƙe ƙafar, ka nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya. Wannan gwajin ya fi yadda ake zato amfani, kuma a ganina shi ne ginshiƙin binciken duka.

Akwai wanda yatsa ɗaya ba zai ishe shi ba, sai dai ya dafe gaban gwiwar da tafin hannu ya ce ciwon yana kewaye da ƙoƙon gwiwa ko a bayansa. Wannan shi ne ya fi yawa tsakanin masu gudu. Ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya, kuma duk lokacin da ka lanƙwasa ƙafa ɗauke da nauyinka, yana matsuwa a jikin ƙashin da ƙarfin da kan ninka nauyin jiki, musamman wajen saukowa daga bene. Shi ya sa mai irin wannan ciwo yakan fi shan wahala a saukowa fiye da hawa, da kuma wajen tsugunno, ko bayan ya daɗe zaune a mota gwiwa a lanƙwashe. Galibi babu abin da ya tsinke ko ya karye. Aiki ne ya fi ƙarfin gaɓar, sau da yawa kuma raunin tsokokin cinya da na ƙugu yana taimakawa. Ka tsaya gaban madubi da ƙafa ɗaya, ka ɗan rusuna a hankali. Idan ka ga gwiwar tana karkata ciki, tana wuce saitin babban yatsan ƙafa, ƙugun kuma yana sauka ta ɗaya gefen, to gyaran yana iya kasancewa a ƙugu ne, ko da yake gwiwa ce ke kuka.

Idan kuwa yatsarka ta sauka daidai ƙasan ƙoƙon, kan jijiyar nan mai kauri da ta haɗa shi da ƙashin ƙwauri, abin zargi shi ne jijiyar kanta. Masu tsalle ne suka fi fama da ita, kamar 'yan ƙwallon kwando da na raga. Tana da wata yaudara: takan yi ciwo a farkon wasa, ta lafa idan jiki ya ɗumama, sannan ta dawo da ƙarfi washegari. A wajen yaro mai tasowa, tsakanin shekara 10 zuwa 15, ciwo da ɗan tudu a saman ƙwauri galibi daga wurin girman ƙashi yake, inda jijiyar ke jan sa, kuma yakan wuce idan girma ya kammala.

Ciwon gefen waje yana da nasa hali. Mai gudu zai fara lafiya lau, sai bayan wata tazara da kusan ba ta sauyawa ya ji zafi kamar ƙuna a gefen gwiwar, ya tsananta a gangara, ya kuma lafa idan ya koma tafiya. Wannan yakan fito ne daga wata doguwar tantani mai tauri da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya har ƙasan gwiwa. Masu keke ma suna samun sa, kuma a wajensu ya kamata a duba tsayin sirdi, domin sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwon gaban gwiwa, wanda ya yi sama da yawa kuma ciwon baya ko gefe.

Abin da ya fi bukatar natsuwa shi ne ciwon da ya zo farat ɗaya. Ka tuna ainihin lokacin: shin ƙafarka tana kafe a ƙasa ne jikinka ya juya? Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ake kira meniskus, kuma irin wannan murɗewa takan yaga su. Alamar ita ce ciwo a layin da ƙasusuwan biyu suka haɗu, kumburi da ke taruwa a hankali zuwa washegari, wani lokaci kuma gwiwar ta ƙage ta ƙi miƙewa. Idan kuwa ka ji ƙara a cikin gwiwar lokacin da abin ya faru, ta kumbura suntum cikin awa 1 zuwa 2, daga baya kuma tana sullewa kamar ba za ta riƙe ka ba, to ana zargin ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gaɓar, wadda likitoci ke kira ACL. Saurin kumburin yana nuna jini ne ya taru a ciki. Gwiwar da ke ƙagewa ko sullewa sai likitan ƙashi.

Ga wanda ya haura shekara 45, gwiwar da ke sagewa da safe na ƙasa da minti 30, ta kuma yi zugi bayan doguwar tafiya, tana iya nuna guringuntsi ya fara zaizayewa. Wannan bai hana motsa jiki ba, hasali ma motsa jikin yana cikin maganinsa. Tsamin jiki kuwa daban yake: a tsoka yake zama, ƙafa biyu yakan kama, ya yi tsanani kwana 1 zuwa 3 bayan atisayen da ba a saba ba, sannan ya wuce da kansa. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta tare da ciwo ko kumburi ita ma ba abin damuwa ba ce.

Bayan wuri da lokaci, ka tambayi kanka abin da ya sauya a makonni 2 zuwa 4 da suka wuce. Ko ka ƙara nisa ko sauri? Ko ka koma gudu a kan hanya mai gangara, ko ka sauya takalmi, ko ka dawo bayan dogon hutu ka ɗora daga inda ka tsaya? Numfashi da tsoka suna sabawa da sabon aiki da wuri, amma jijiya takan ɗauki lokaci mai tsawo, don haka mutum yakan ji yana da sauran ƙarfi alhali gwiwarsa ba ta shirya ba.

Daga nan sai ka gwada zarginka. Ka rage abin da kake tuhuma da kusan rabi na mako 2, kada ka sauya wani abu tare da shi, domin idan ka sauya uku a lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kullum ka rubuta abin da ka yi, ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10 lokacin atisaye da kuma washegari da safe. Ciwo kaɗan da ya koma yadda yake cikin awa 24 ana iya jure shi, amma wanda ke sa ɗingishi ko yake ƙaruwa kowace rana yana nufin nauyin ya yi yawa har yanzu. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20 tana rage raɗaɗi, sai dai ka guji shan magani irin ibuprofen kafin atisaye, saboda yana ɓoye alamar da kake ƙoƙarin karantawa.

Idan makonni sun wuce babu sauƙi, ko ciwon yana tashe ka da dare, ka ɗauki takardar da kake rubuta atisayenka da makin ciwon ka kai wa likita. Ka bari ya duba ƙugu da baya ma, domin ciwonsu yakan sauko gwiwa, musamman ga yaro mai ɗingishi. Kada kuma ka matsa sai an yi maka hoton MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsin cikin gaɓa, tun farko, domin yakan nuna yagewar meniskus a gwiwar masu matsakaicin shekaru da yawa waɗanda ba su taɓa jin ciwo ba, kuma likita zai fassara hoton ne bisa bayanin da ka ba shi da abin da hannunsa ya taɓa.