Tsohuwar bas ta zama ɗakin kwana: abin da za ka duba kafin ka biya

Irin motar nan da Turawa ke yawon duniya da ita, mai gado da kicin a ciki, da wuya ka gan ta a wurin 'yan mota a Kano. In ma ka ci karo da ɗaya, ranar da firjinta ko famfon ruwanta ya tsaya sai dai ka zuba mata ido. Ni da aljihuna bai kai can ba, tsohuwar Hiace na saya a hannun wata makaranta, na cire kujerun baya, na kai wa kafinta. Da ita nake bin kasuwannin ƙauye sayen zuma, a ciki nake kwana, kuma ita ta kai ni Yankari da iyali.

Kafin ka je kallon mota, fara zuwa Ƙofar Ruwa. Zaga wurin masu kayan gyara ka tambayi kuɗin lagireto, kulochi, shokozoba da injin ɗungurungum na motar da kake sha'awa. Wadda aka ce maka "sai an aiko daga Legas", bar ta komai kyanta. Wannan ne ya sa na tsaya a kan Hiace: duk garin da ta mutu maka akwai bakaniken da ya san cikinta. Sabon yayinta da ake kira Homa, mai injin fetur na lita 2.7, ta fi faɗi, amma kuɗinta ba na talaka ba ne. Tsohon yayi mai injin 1RZ ko 2RZ shi ne daidai da mu. Sienna ta fi daɗin tuƙi, mutum biyu za su miƙe ƙafa in an cire kujeru, sai dai injinta silinda shida ne, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba abin wasa ba ne. Ga ta ƙasa-ƙasa, hanyar ƙauye tana dukan cikinta. J5 kuwa ɗaki guda ce, amma yawancin waɗanda suka rage buhunan hatsi da tumatir sun riga sun cinye su.

Kuɗin da ke hannunka kasa shi uku. Kashi biyu na mota, kashi ɗaya ka ɓoye inda dillali ba zai ji ƙamshinsa ba, don gyara da takardu da aikin kafinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tambayi tarihin motar. Wadda ta yi lodi a tasha, kullum Kano zuwa Maiduguri, ta gama ba da abin da za ta bayar ko da an watsa mata sabon fenti. Nemi ta makaranta, ko ta kamfani, ko ta wani Alhaji da ke kai yara Islamiyya da ita. Kada lambar tafiya da ke kan mita ta ruɗe ka, ana juya ta baya. Dubi robar fedar birki da sitiyari, yadda suka suɗe shi zai gaya maka gaskiya.

Yanzu ga inda na ƙone hannu. Na je ganin tawa da azahar, na tarar an riga an ɗumama ta, tana ta kiɗa lafiya lau. Bayan mako biyu, da sanyin asuba, sai ga hayaƙi shuɗi ya turnuƙe layinmu. Baban da ke min gyara ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya murza a yatsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, mai kauri suka zuba maka don ya rufe asiri. Ringi ya tafi." Rabin kuɗin ɓoyon nan a nan ya ƙare. Saboda haka ka ce da sassafe za ka zo, kuma kada a tayar da ita sai ka iso. Injin Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ɗaga kujerar ka ɗora tafin hannu. In da ɗumi, ka dawo gobe. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar shayi mai madara, ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ɗin kan injin ya lalace ke nan. Tun injin na da sanyi cire murfin lagireto, a tayar, ka duba ko ruwan na tsartuwa da kumfa. Sai ka koma wajen salansa: shuɗin hayaƙi cin baƙin mai ne, farin da ya ƙi ɗaukewa ruwa ne, baƙi kuma mai ne ba ya ƙonewa daidai. Bakaniken da zai raka ka ya zama naka, ba wanda dillali ya kira ba.

Shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. 'Yan Beljiyam da yawa gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya cinye musu ƙasa, kuma tsatsar shasi ba ta da magani mai araha. Ɗan maganaɗisu ma yana da amfani: inda ya ƙi kama bodi, cike fanal bita ya yi. Tayoyi kuma akwai lamba huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su, da ita za ka gane tsufansu.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a kan baifas, inda iska ke sanyaya kowace mota. Shiga da ita cunkoson Kurna da rana tsaka, idonka a kan allurar zafi.

Takardu: lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takardar kwastam da ta shaidar mallaka, harafi da harafi. Tun watan Janairun 2017 da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce sai ka ƙara buɗe ido a kan takardarta. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yanke la'ada tun kafin ciniki ya faɗa, ka kuma yi canjin suna da inshora nan take.

Aikin ciki shi ne mai sauƙi, kuma kada ka fara shi sai motar ta yi wata guda tana zirga-zirga lafiya. Na sayo filawud da katako a Na'ibawa, aka yi gado wanda akwatin kaya da jarkar ruwa ke shiga ƙarƙashinsa. Zauna a kai tukuna kafin a buga ƙusa, don nawa na farko ya yi tudu, kaina na dukan rufi. A ɗaure shi da noti a jikin motar, ka bar layin kujera ɗaya mai bel saboda yara. Yadin labule daga Kwari ya ishe ka, tunda baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda. Raga a tagogi biyu saboda sauro, soso a ƙarƙashin rufi saboda zafin Afrilu, sai batir na daban da faifan sola ɗaya don fanka da cajin waya. Kada ka ja wuta daga batirin mota, safiya za ta yi ka rasa mai tura ka.

Girki a waje ake yi. Kada ka kunna gas ko gawayi a cikin mota a rufe, kada kuma ka kwana injin na aiki don sanyin esi. Iskar da ke kashe mutum a haka ba ta da wari. Tafiyar dare na daina ta. Kafin magariba nake neman gidan mai mai maigadi, ko ƙofar gidan mai unguwa, in yi sallama, in faɗi ko ni wane ne, in juya hancin motar ya kalli hanyar fita, sannan in sauke buta.